Katin Shan Ruwan da Na Tura Cikin Durowa

Shekarar da aka ba ni riƙon wata kwalejin koyar da likitanci, wani attajiri mai harkar hatsi ya aiko mini da katin shan ruwa, azumi yana da goma. Yaronsa ya durƙusa a bakin ƙofar ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji ya ce don Allah ko minti goma ne a leƙo." Na karɓa da fara'a. Yana juya baya na tura katin cikin durowa. A raina cewa nake, duk baƙar wuyar da na sha a kan karatu, ni ne zan je in naɗe ƙafa a tabarma ina jiran mai kuɗi ya gama cin tuwo? Alhali rufin ɗakin gwaje-gwajenmu yoyo yake yi, hadari na haɗowa masinja zai fara jera bokitai, ɗalibai kuma layi suke bi a kan madubin likita guda ɗaya.

Bayan salla na ji Alhaji ya gina wa wata makarantar sakandare ɗakin kwana. Ashe a wurin shan ruwan nan yake sauraron masu buƙata. Da masu duba cancantar kwalejoji suka zo mana, suka ƙirga gadaje da kayan aiki, sai suka rage mana yawan ɗaliban da za mu ɗauka. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa, 'ya'yan mutane suka biya.

Ƙannena masu sa farar riga, sai da na sauka daga kujerar na karanta tarihin wani likita Ba'amurke, Dakta Louis Sullivan, na ji kamar da ni ake. An haife shi a 1933, ya tashi a Blakely, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Jojiya, zamanin da baƙar fata da farar fata ba sa haɗa makaranta. Mahaifinsa sana'ar shirya gawa da jana'iza yake yi, mahaifiyarsa malamar makaranta. Ya gama Kwalejin Morehouse, ta baƙar fata da ke birnin Atlanta, a 1954, ya tafi Jami'ar Boston karatun likita, shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu, ya fito a 1958. Ya zama ƙwararre a cututtukan jini, har farfesa, da ɗakin bincikensa da komai. A 1975 ya tattara ya koma Atlanta don kafa makarantar likitanci a Morehouse.

Abin da ya mayar da shi gida tsohon ciwo ne. Rahoton Flexner na 1910, wanda ya tsaurara sharuɗɗan koyar da likitanci a Amurka, ya bar baƙar fata da makarantu biyu kacal cikin bakwai, Howard da Meharry. Sauran duk sun rufe. Sullivan ya fara da ɗalibai 24 a 1978, shekara biyu suke yi su wuce wasu jami'o'in su ƙarasa. A 1981 makarantar ta tsaya da ƙafarta, ya zama shugabanta, a 1985 ta yaye likitocinta na farko.

Ta yaya? Da abin nan da na raina. Akasarin baƙar fatan Atlanta 'yan jam'iyyar Dimokurat ne, amma a 1982 wanda ya yi jawabi a bikin buɗe gininsu shi ne George Bush babba, mataimakin shugaban ƙasa, ɗan Rifablikan. A shekarar ya raka Bush rangadin ƙasashen Afirka, daga nan uwargidan Bush, Barbara, ta shiga kwamitin amintattun makarantar. Ni kuwa, ranar rantsar da ɗalibanmu da hannuna na goge sunan kwamishina daga jerin baƙi, don kawai ban zaɓi jam'iyyarsa ba. Har ina yi wa abokai alfahari da hakan a wurin shan shayi.

Kada ku ɗauka ina cewa ku zama 'yan amshin shata. Wanda ya ba ka buhun siminti yau, gobe yana iya turo sunan ɗansa da bai ci jarrabawa ba. Nan ne za ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wannan kam ba ta yiwuwa," ko da simintin zai tsaya. Amma ni ko matakin da zan faɗi haka ban kai ba, tunda ban taɓa taka zauren kowa ba. Kusantar masu mulki ma da nata kuɗin. Da Bush ya hau mulki ya naɗa Sullivan sakataren lafiya, wato ministan lafiyarsu, daga 1989 zuwa 1993. A 1990, a taron duniya kan cutar ƙanjamau a San Faransisko, masu zanga-zanga sun yi ta ihu da busa har ba a jin jawabinsa, saboda haushin gwamnatin da yake wakilta. Ya tsaya ya karanta abinsa har ƙarshe.

A Janairun shekarar ne kamfanin R. J. Reynolds ya shirya gwada wata sigari mai suna Uptown a Filadelfiya, wadda aka tsara don a tallata wa baƙar fata. Mutanen gari sun riga sun fara ƙorafi. Sullivan ya je birnin, ya kama sunan kamfanin a bainar jama'a. Ba a yi mako ba suka janye.

Wannan ce ta fi sosa mini rai. A 2003, da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano ana ta raɗe-raɗin tana hana haihuwa, wani maƙwabcina ya tare ni bayan Magariba, takalmansa a hannu. Ya ce, "Likita, tsakaninka da Allah, a bari a ɗiga wa yaran nan ko a ɓoye su?" Na san amsar sarai. Amma na ga idanun mutane a kaina, na tuna kujerata. Na ce, "Malam, ni fa ba ɗan siyasa ba ne." Ya gyaɗa kai ya sa takalmi ya tafi. Sai a 2004 aka ci gaba da rigakafin, bayan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa me ya yanke a daren nan ba.

Don haka idan liman ya ce ku yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a, ku tashi ku yi, da Hausar da tsohuwa za ta gane. Idan mai unguwa ya kira taro kan kwatar da ta toshe, ku je ko da daga dutin dare kuka fito. Katin ɗaurin aure ko na suna, ku sa a aljihun gaban riga inda za ku gani. Sullivan ya koma shugabancin makarantarsa a 1993, ya riƙe har 2002. Ni wa'adi ɗaya na yi. Ranar da nake kwashe takarduna na tarar da katin Alhaji a ƙasan durowa, ya yi jawur da ƙura, ko ambulan ɗin ban farke ba.