Abin da lasisin aikin lantarki ya koya mini a Jos

Yawancin masu aikin wayarin a Jos a hannun maigida suka koyi sana'a, kuma ni ma ta nan na bi. Yaro yakan fara da fasa bango da ɗaukar tsani, sannan a ba shi jan waya a cikin fayif, sai daga baya a yarda ya taɓa akwatin bireka, wato makunnin da ke yanke wuta idan ta yi yawa. Wannan koyo yana ba mutum hannu da saurin aiki, amma ba kasafai yake ba shi dalili ba. An koya mini cewa waya mai milimita 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 kuma ta soket, na kuwa riƙe hakan kamar hadda, ba tare da an nuna mini lissafin da ke ƙarƙashinsa ba.

Dalilin ya zo ne lokacin da na tashi neman takardu. Na fara da jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, daga baya na nemi shaidar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da tantance masu yinsu. Shirin wannan tantancewa ne ya tilasta mini fahimtar cewa kaurin waya yana bin yawan wutar da za ta ɗauka da nisan da za ta yi, kuma bireka wayar yake karewa, saboda haka wanda ya sa babban bireka a kan siririyar waya don wuta ta daina yankewa ya bar wayar tana zafi a cikin bango. A garin sanyi irin Jos, inda hita da na'urar dafa ruwa ke aiki tun daga asuba a lokacin hunturu, wannan kuskure ba ya daɗewa bai nuna kansa ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wayar ƙasa, wadda muke kira at. Ƙasar Filato dutse ce a wurare da yawa, kuma dutse ba ya karɓar wuta yadda ƙasa mai laima take karɓa. Sau da yawa ƙarfen at da ake kafawa a ƙasa ba ya nisa sai ya ci karo da dutse, sai ma'aikaci ya yanke sauran, ya zuba gawayi da gishiri, ya rufe ramin. Mai gida ba zai gane ba, domin fitila za ta kama, firiji zai yi sanyi. Amma ranar da waya ta taɓa jikin firijin, ko tsawar damina ta sauka, wutar ba ta da hanyar shigewa ƙasa sai ta jikin mutum. Gyaran yana cin kuɗi da lokaci: a nemi wuri mai laima, a ƙara ƙarafa a haɗa su, a auna da na'ura, a sake aunawa da rani lokacin da ƙasa ta bushe. Abin gwajin aljihu mai ƙaramar fitila ba ya faɗin komai game da wannan.

A nan ne gardama da masu gida take farawa. Mutum zai ce mini, “Malam, wane ya ce zai yi mini a rabin kuɗin nan.” Nakan amsa da cewa, “Alhaji, a tambaye shi irin wayar da zai saya,” domin kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, da wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Na rasa ayyuka saboda haka, kuma har yanzu ina rasawa. Sai dai ƙa'ida ita ce kamfanin rarraba wuta, wanda a nan shi ne JED, ya ga sa hannun mai lasisi kafin ya haɗa sabon gini, kuma wanda ya sa hannu shi za a nema idan gobara ta tashi. Shi ya sa ba na sa hannu a aikin da ban auna da kaina ba, ko da abokin sana'a ne ya roƙe ni.

Sana'ar kuma ba ta tsaya inda na same ta ba. Yanzu gida ɗaya yana iya samun wutar kamfani da janareta da sola, kuma idan makunnin sauya layi bai raba su sarai ba, wutar janareta tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an ɗauke wuta. Yaran da ke koyo a hannuna ina tura su rubuta jarrabawar sana'a tun suna jan waya, kuma ba na barin kowa ya rufe ramin at sai na ga abin da na'ura ta nuna.