Kafin Ka Tsaya Gaban Kyamara

Makon jiya na tarar da ɗan ƙanena a ƙofar gida a Agege da ke Legas yana gyara wuyan riga, abokinsa ya saita masa waya, zai yi bidiyo ya tona asirin maigidansa wanda ya ce ya hana shi kuɗin sallama bayan shekarun da ya yi yana tsare masa shago. Har ya shirya da wani mai shafin labarai da zai yaɗa maganar. Da na ce ya dakata sai ya ce, "Baffa, ai gaskiya zan faɗa." Ni ma da wannan hujjar na jefa kaina cikin abin da har yau ban gama fita ba.

A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a Mile 12, inda babbar kasuwar kayan gwari take, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar. Ni dillalin tumatir ne a lokacin, kuma kwandunan da aka yi mini lodi daga Kano suna cikin mota suna ruɓewa, masu kaya suna ta kira, ba ni da amsar da zan ba su. Cikin wannan hali 'yan jarida suka zo, manyanmu duk suka kauce, ni kuwa na matsa gaba. Da guntun Turancina na ce idan aka ci gaba da rufe kasuwa, Legas za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Tsadar kayan miya nake nufi, Allah ne shaidata. Washegari wata jarida ta buga hotona da cikakken sunana, ta ce wani ɗan kasuwa Bahaushe ya yi barazanar sabon tashin hankali.

An kira ni an yi mini tambayoyi, aka ga babu komai, aka sallame ni. Wannan ɓangaren babu wanda ya buga shi, domin sakin mutum ba ya sayar da jarida. Wani gidan abinci da nake kai wa kaya a Ikeja ya daina ɗaukar wayata. Mai wani gida da na nemi haya ya karɓi sunana da fara'a, da na koma sai ya ce an riga ni. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne lokacin da aka zo neman auren 'yata, wani yaro a dangin manemin ya rubuta sunana a Google, labarin ya fito a sahun farko kamar jiya aka buga shi, sai da dattawa suka shiga tsakani kafin a sa rana.

Wani lokaci nakan ce laifina ne, tunda magana zarar bunu ce. Wani lokaci kuma nakan tambayi kaina, da na yi shiru wa zai faɗi asararmu? Waɗanda suka ɓuya a ranar su ne suka fi kowa zargina daga baya, alhali har da kayansu a cikin wanda ya ruɓe. Duk da haka, ban san harshen da na yi maganar da shi sosai ba, ban tambayi mutumin daga wace jarida yake ba, kuma raina a ɓace yake.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma kaɗan ne suka rage. Kada ka yi magana gaban kyamara kana cikin fushi, kuma kada ka yi ta da harshen da ba ka mallaka ba. A garin nan kuskuren mutum ɗaya kan dukanmu yake faɗawa. Bayan kisan da aka zargi 'yan acaɓa da yi a Lekki a watan Mayu na 2022, cikin makonni aka haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, yaran da ba su taɓa zuwa wurin ba suka rasa abinci. Ku kuwa yaran yanzu, ba sai ɗan jarida ya neme ku ba, da hannunku kuke ɗaukar kanku ku watsa a TikTok, kuna murna da yawan masu kallo, kuna mantawa cewa cikinsu akwai surukin gobe da wanda zai ba ku kaya bashi.

Ban ce a yi shiru a cuce ka ba, domin wanda ya yi shiru wani ne zai ba da labarinsa yadda ya ga dama. Sai dai a fara da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da lauya, in ya so jarida ta zo a ƙarshe, a rubuce, bayan wani mai sanyin kai ya karanta. Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa za a goge daga baya. Gaskiya ne tun 2014 wata kotun Tarayyar Turai ta ba mutum damar neman a cire sunansa daga sakamakon bincike, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta yi maganar gogewa, amma nawa labarin shafuka da dama sun kwafe shi, wasunsu ko adireshin da za a kai musu takardar lauya ba su da shi.