Ɗan kwikwiyon da aka binne tare da mutane

Yau a aji ina bayanin yadda kare ya samo asali daga kyarkeci, tun kafin ɗan Adam ya fara noma, yara sai hamma suke. Ina kawo zancen kabarin Bonn-Oberkassel na Jamus, sai wuri ya yi tsit. Namiji da mace da ɗan kwikwiyo a rami ɗaya, shekaru kusan 14,000 da suka wuce. Haƙoran kwikwiyon sun nuna ya sha doguwar jinya, ko farauta bai isa yi ba, amma aka yi ta ɗawainiya da shi.

Wata yarinya daga can baya ta ce, "Malam, to me ya tsinana musu?" Ni dai a ganina ba su jira ya tsinana komai ba, son sa kawai suke yi.