Waɗanda ba sa shiga rajista

Sana'ata gwajin jini. Ina da ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Sabon Garin Zariya, ni da 'yan ma'aikatana: wadda ke ɗibar jini, wanda ke zama kan na'urar hangen ƙwayoyin cuta, da yaron da ke riƙe mana rajista da kuɗi. Abin da ke ciyar da mu sananne ne. Zazzaɓin cizon sauro da damina, taifot, gwajin ciki, ciwon sukari, sai gwajin kafin aure, wanda yanzu da wuya waliyyi ya ba da 'ya ba a kawo masa takardarsa ba. Gwajin HIV kuwa ba ya kawo riba. In kayan na shirin gwamnati ne, kyauta aka ba mu, kyauta za mu yi, mu cike rajista, ƙarshen wata mu kai alƙaluman ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, daga can su wuce jiha su wuce Abuja. Adadin waɗanda aka gwada da kake ji a rediyo ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da ƙanjamau ta duniya, daga irin wannan littafi namu yake tashi.

Gwajin HIV ɗin ba wuya ga wanda ya iya. Tsarin da muka daɗe muna bi shi ne a fara da tsinken gwaji mai suna Determine, a soki yatsa, a ɗiga jini, a jira minti 15. In layi biyu ya fito, ba a buɗe baki a ce komai tukuna, sai an tabbatar da wani tsinken, Uni-Gold. In suka saɓa, tsinke na uku, Stat-Pak, ne ke raba gardama. Wahalar tana wajen ajiya. A jikin kwalin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Zariya kan doshi 40, ga wuta ba ta zama. Shi ya sa kuɗin farko da na tara sola na saka, tun kafin in sauya kujerun masu jira. Akwai kuma abin da muke maimaita wa kowa har baki ya gaji: wanda ya kamu a makon jiya, tsinke ba zai nuna ba. Jiki na iya ɗaukar har wata 3 kafin ya fitar da alamar da tsinken ke gani, don haka sai an dawo an sake.

Cikin masu zuwa wurina akwai mutanen da garin nan ya sani sarai amma ba ya son a ambata. Wasunsu 'yan daudu ne da muka taso muna gani suna suyar kaji da tuwon sayarwa a tasha da bakin kasuwa. Daga ciki, da ma wajensu, akwai waɗanda aka haifa maza amma suna ɗaukar kansu mata, suna rayuwa irin ta mata, wasu har suna shan magani don jikinsu ya sauya. Ba kowane ɗan daudu ke haka ba, kuma masu haka ba dukansu ke yarda a kira su 'yan daudu ba. Su ne nake son in yi magana a kai, domin a duk ƙasar nan ba rukunin da cutar HIV ta fi kamawa kamarsu, kuma ba rukunin da rajistarmu ta fi jahilta.

Ga alƙaluman. Babban binciken gida-gida da aka yi a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kusan kashi 1.4 cikin ɗari na manyan Nijeriya ne ke ɗauke da HIV, mutum wajen miliyan 1.9. Amma binciken gida-gida ba ya kama wanda aka kora daga gida, yana kwana a shago ko ɗakin ƙawa. Don haka gwamnati ke yin wani binciken daban kan rukunan da suka fi shiga haɗari. An yi a 2007, an yi a 2010 da 2014, kuma duk ba a ware waɗannan mutane ba, an cusa su cikin lissafin maza masu neman maza. Sai a na 2020, da aka yi a jihohi 12, aka ƙirga su daban. Abin da ya fito ya girgiza duk mai wannan aiki: kusan kashi 29 cikin ɗari na ɗauke da cutar, sama da na maza masu neman maza da ya tsaya a 25, sama da na mata masu zaman kansu da ke wajen 15. Tun 1986 aka sanar da ɓullar cutar a ƙasar nan, amma sai bayan shekara 34 aka zauna aka tambayi waɗanda ta fi ci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda kuɗi da asibiti ba su yi ƙaranci ba, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta yi irin wannan bincike a birane 7 tsakanin 2019 da 2020, ta samu kashi 42. Yadda suka kai ga mutanen ya daɗe yana min daɗi, domin shi ne abin da na ga yana aiki a nan. Ba a kafa rumfa a ce ku zo. Ana fara da 'yan ƙalilan da jama'arsu suka yarda da su, a gwada su, a ba kowa katuna ya miƙa wa na kusa da shi, su ma in sun zo a ba su nasu, har zaren ya yi tsawo. Wanda ba zai taɓa amsa kiran ma'aikacin gwamnati ba, zai amsa na ƙawarsa.

Me ya sa cutar ta taru a kansu haka? Akwai dalili na jiki, kuma a ɗakin gwaji ba a jin kunyar faɗarsa. Saduwa ta baya ita ce hanyar jima'i mafi haɗari ga wanda ake saduwa da shi, don fatar wurin ba ta da kauri, tana saurin tsagewa. Ƙiyasin masana shi ne kamuwa 138 cikin saduwa 10,000 da mai cutar ba tare da kariya ba, alhali ga mace ta hanyar gaba 8 ne. Sauran dalilan na rayuwa ne. Yaro ne aka kora daga gida tun bai gama sakandare ba, ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi haya sai da wulaƙanci. Da yawa abin da ya rage musu su ci abinci shi ne mazan da ke zuwa da dare, direban tirela da ya yada zango a Kwangila, ɗan kasuwa, ma'aikaci mai iyali. Wanda yunwa ta kawo shi ba ya iya cewa sai da kwaroron roba in mai kuɗin ya ce a'a. Ga kuma allura. Masu son jikinsu ya sauya ba likitan da za su je wa, sai su sayi ƙwayar tsarin iyali a kemis su riƙa sha ba ƙa'ida, ko su sami ruwan allura su yi wa juna da sirinji ɗaya. Ƙwayar kan jawo daskarewar jini a jijiya, sirinjin kuma na ɗauko HIV da ciwon hanta daga wannan zuwa wancan.

A kan duk wannan sai ga tsoro. A Janairun 2014 aka sa hannu kan dokar haramta auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ga masu auren, 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya. Ba wurin da dokar ta hana jinyar kowa, amma wanda ke tsaye a bakin ƙofar asibiti ba lauya ba ne. Wani bincike da ke bin maza masu neman maza a Abuja ya auna abin: masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 kafin dokar zuwa 38 bayanta. A shekarar 2014 ɗin nan dai aka yi dokar hana nuna wa masu HIV bambanci, wadda ta hana fallasa sakamakon mutum ba da yardarsa ba. Ta farkon kowa ya ji labarinta. Ta biyun, ko cikin ma'aikatan lafiya ba kowa ya san da ita ba.

Wata uwar ɗakin mutanen nan, dattijuwa mai tuwo-tuwo da ta riƙe yara da dama, ita ta fara buɗe min ido kan yadda abin yake daga wancan ɓangaren. Ta zo gwajin sukari, muna hira na ce mata, "Hajiya, yaran nan naki me zai hana su zo a duba su?" Ta ce, "Malam, ba allurarka suke tsoro ba. Layin suke tsoro. Ka tsaya cikin maza a yi ta kallonka, ka koma cikin mata a kore ka, a ƙwala maka sunan da ke kan kati kowa ya juyo. Kafin ka isa gida labari ya riga ka." Ta ce wasu sun gwammace su yi ta shan jiƙe-jiƙe har tari ya kwantar da su, sai a lokacin a kwashe su zuwa Saye, inda ake jinyar tarin fuka, a can ne za a gano cutar ta daɗe tana cin garkuwar jiki.

Daga wannan hira na sauya wasu abubuwa a shagon. Bayan sallar isha'i, lokacin da layin ya watse, muna barin ƙofar gefe a buɗe na ɗan lokaci. Ba ma kiran suna, lamba muke bayarwa. Wanda ya shigo, sunan da ya ce a kira shi da shi, da shi nake kiransa. Sakamako ba a faɗarsa a waya, ba a ba ɗan aike, ko da uwar ɗakin ce da kanta ta zo karɓa. Ma'aikatana kuma na gaya musu tun ranar ɗauka: kuskuren lissafin kuɗi ana yafewa, makara ana yafewa, amma wanda ya fitar da maganar mai jinya waje, ranar ya bar aiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai ɗakin gwaji da bakinsa ke yoyo, ko na'urarsa ta miliyan nawa ce, mutanen nan ba za su sake taka ƙofarsa ba, kuma duk wanda bai zo ba babu shi a rajista. In babu shi a rajista, a Abuja za a ga kamar Zariya ba ta da matsalar, a yi kasafin magani da kayan gwaji ba da shi ba.

Wanda gwaji ya nuna yana da cutar, ina rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika ko wata cibiyar da ke ba da magani kyauta. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD, kuma in aka riƙe ta, cikin kamar wata 6 cutar kan kwanta har na'ura ta kasa ganinta a jini. Wanda ya kai nan ba ya sa wa kowa ta hanyar jima'i. Wannan magana ita ce ta fi saurin share wa mutum hawaye a ɗakina. Wanda kuma ba shi da cutar, akwai PrEP, maganin kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2015 ga duk mai fuskantar babban haɗari. A nan ne ƙaramin ɗakin gwaji irin nawa ke da amfani, don ana son a duba ƙoda, a duba ciwon hanta nau'in B, sannan a riƙa maimaita gwajin HIV duk wata 3. Tambayar da suke yawan yi min ita ce ko PrEP zai karya maganin sauya jikin da suke sha. Ba ya karyawa. Sai dai mai shan wancan magani dole ya sha PrEP kullum, ba sai ranar da zai fita ba. Wanda kuma tsautsayi ya faɗa masa, aka yi masa fyaɗe ko roba ta fashe, yana da awa 72 ya fara maganin gaggawa na kwana 28. Wannan da yawa ba su taɓa ji ba sai a bakina.

Farkon 2025 ya ba mu wuya. Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kuma shirinta na yaƙi da HIV, PEPFAR, wanda aka kafa a 2003, shi ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin HIV a Nijeriya. Da aka sassauta, an bar maganin masu ɗauke da cutar ya ci gaba, amma PrEP aka taƙaita shi ga masu ciki da masu shayarwa. Ma'aikatan sa-kai da ke bin mutanen nan lungu-lungu, waɗanda mafi yawansu daga cikinsu suka fito, aiki ya tsaya musu. A shekarar ce kuma aka amince da lenakapabir, allurar kariya sau biyu kacal a shekara, wadda ta dace da wanda ba shi da wurin ɓoye kwalbar magani a ɗakin da suke kwana su da yawa. Magani ya samu a daidai lokacin da masu kai shi suka rasa abin hawa.

Wani maƙwabcina a layin, mutumin kirki da muke sahu ɗaya a masallaci, ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, wannan aiki naka ba taimakon ɓarna ba ne?" Ban ji haushinsa ba, don na san da yawa haka suke gani. Na ce masa, Alhaji, ni jini nake aunawa, hukunci na masu hukunci ne, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a bar mara lafiya ya mutu don an ƙi halinsa ba. Na kuma tuna masa abin da muke gani a gwajin kafin aure. Mazan da ke zuwa wurin mutanen nan da dare, da safe gidajensu suke komawa wurin matansu. Su kansu wasu iyaye kan matsa musu su yi aure don a rufe bakin mutane. Baiwar Allah da ba ta taɓa leƙa waje ba sai ta je awon ciki a ce mata tana da cutar, a shiga fafutukar kare jaririn. Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba, amma bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne tsakanin ƙofata da ƙofar asibiti. Takardar da nake rubutawa tana da ɓangaren da ya kamata a yage a dawo min da shi, shaidar cewa mutum ya isa an sa shi kan magani. Na masu ciki da na ma'aurata galibi suna dawowa. Na waɗannan mutane kuwa, sai an haɗa mutum da ɗan rakiya daga cikinsu, wanda ya san wace ma'aikaciya ce ba ta wulaƙanci da wace rana layi ke da sauƙi. Kuɗin motar ɗan rakiyar zuwa Shika da dawowa, tun da tallafi ya yanke, daga cinikin gwajin taifot nake cire shi.