Abin da na koya a kan kafireto kafin in bar garejin oga

Tunda na bar garejin nan abokan aiki ke ta tambayata me ya haɗa ni da oga, wasu ma sun ɗauka maganar kuɗi ce. Wani tsohon babur ne ya haɗa mu, da matsalar da duk bakaniken da ya daɗe yana wannan aikin ya santa: mashin na tashi bugu ɗaya, silo lafiya lau, a ƙaramin gudu ba ka jin komai, amma da ka hau babban titi ka sa giyar ƙarshe ka murɗe totur sai ya fara shaƙewa yana ja da baya.

Mai mashin ɗin ya faɗi wata magana da oga bai tsaya ya saurara ba. Ya ce ba nan take abin ke faruwa ba, sai ya ɗan jima a guje tukuna, kuma in ya sassauta ko ya tsaya gefen titi kaɗan sai mashin ya dawo garau. To ai wannan maganar ta gama bayani. Ramin jet, wato ƴar hudar da mai ke bi a cikin kafireto, ba ya canza girma don an yi minti biyu ana gudu, in babban jet ne ya yi ƙanƙanta da ka buɗe totur za ka ji, ba sai an jima ba. Matsalar da ke jiran lokaci tana nufin man da ke cikin kofin kafireto yana ƙarewa fiye da yadda yake shigowa, wato ko dai ƴar ƙofar iskar da ke murfin tanki ta toshe, ko rariyar makunnin mai ta cika da tsatsa, ko tiyo ya lanƙwashe, ko fulot, abin da ke yawo a kan man cikin kofin, na rufe mai da wuri.

Na faɗa masa haka a hankali, na ce oga ko mu duba zuwan mai tukuna kafin mu taɓa jet. A gaban mai mashin ya ce min yaushe na fara riƙe sifana da zan koya masa aiki. Ya kwance babban jet ya sa waya ya ƙwaƙule ramin wai don mai ya wadata, alhali jet ƙarfe ne mai taushi, da ka sa masa waya ka ɓata awonsa har abada, lambar da ke jikinsa ta zama ƙarya. Mashin ya tafi ya dawo da matsala biyu, tsohuwar tana nan, ga shan mai ga fulogi ya yi baƙi ƙirin. Sai oga ya juyo kaina ya ce ni ne na bar datti a ciki lokacin da na wanke kafireton, a gaban yaran gareji duka ya faɗa, har ya fara cewa mutumin sai an sauke inji an canza ringi.

Wallahi wannan ne ya fi min ciwo, mutum zai biya aikin inji a kan abin da ba ya buƙatar ko sukundireba. Da oga ya fita na zare tiyon mai na tara gwangwani na buɗe makunni, mai ya zubo da ƙarfi, can ya koma ɗiga. Ina buɗe murfin tanki na ji iska ta shiga fuu, mai ya dawo da ƙarfinsa. Na buɗe ƙofar iskar, na wanke rariyar da ita ma tsatsa ta ci rabinta, na nemo jet mai lambar asali na mayar. Mashin ya riƙe gudu har ƙarshe. Da mai shi ya zo oga ya ce masa ai ya kwana yana tunanin abin har ya gano. Ban ce uffan ba. Zargin da ya ɗora min kuma har na tafi bai janye shi ba.

Abin da na fita da shi, wanda a wurin ba a taɓa zaunar da mu an koya mana ba, shi ne kafireto ba abu ɗaya ba ne, hannunka a kan totur ne ke nuna wane ɓangare ke aiki. Daga silo zuwa kusan kwata ƙaramin jet ne da sukurun iska, daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce, wadda ke ɗagawa ta ƙara wa mai hanya, daga nan zuwa ƙarshe babban jet. Saboda haka mai murɗa sukurun iska don maganin matsalar babban gudu ɓata lokacinsa kawai yake. Akwai gwaji mai sauƙi: kana cikin gudu totur a ƙure, ka ɗan sassauta shi kaɗan, in ka ji mashin ya ƙara ja to mai ne ya yi masa kaɗan a sama. Fulogi ma yana magana, ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat mai ya yi kaɗan kuma inji na cin zafi, baƙi mai ya yi yawa, amma sai ka kashe inji kana cikin gudun ka duba, in ka bari ya yi silo ka goge shaidar. Mai ya yi kaɗan ya fi haɗari, yana iya huda fistin.

Sauran a taƙaice. Lambar jet ɗin kafireton kamfanin Keihin da ta na kamfanin Mikuni ba awo ɗaya ba ne, kar ka musanya su don lamba ta zo ɗaya. In kafireton mai roba ne a sama, ɗaga robar a haske, ƴar tsaga kaɗan ta isa ta hana allura ɗagawa. Robar da ke tsakanin kafireto da inji in ta tsufa tana shan iska. Wanda ya cire iyakilina ko ya canza salansa ya canza lissafin jet ɗinsa. In inji na ƙara kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ne ke sulɓi, bar kafireto ya huta. Kwayil mai rauni shi ma a babban gudu yake nuna kansa. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada, ba uku a tare ba.

Yaran da na bari a can su ne abin tausayi, har yanzu ba a barinsu su yi magana da mai mashin balle su hau su gwada, aikinsu wanke kafireto da fetur da hura iska, in gyara ya yi kyau na oga ne, in ya ɓaci a nemo wanda ya wanke.