Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Baƙon Ankara

A makon jiya na tsaya a kan tashin da aka yi mana daga kasuwar Agbogbloshie ta Ankara, babban birnin Ghana, a watan Yulin 2021, aka kwashe mu 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman. Wurin ya fi faɗi, babu hayaƙin wayoyin da 'yan gwangwan ke ƙonawa a bakin kogin Odaw, amma matan kasuwar Makola da suka saba tako mana da ƙafa ba kowacce ke iya biyan mota zuwa can ba. Albasa kuwa ba ta jiran mai saye.

Muna cikin wannan sai 2022 ta zo da nata. A farkon shekarar dalar Amurka sidi 6 ce da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14. Mu da ke saro kaya da sefa a Galmi ta Nijar mu sayar da sidi a Ankara, wuƙar baki biyu ta ci mu. Jika hamsin da nake aika wa gida duk wata ba ta ƙaru ba, amma sidin da nake ƙirga wa mai canji a Zongo Lane sai da ya kusa ninkawa. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai yarda? A ƙauyenmu, duk wanda ke Kurmi kuɗi a ƙasa yake tsinta. Na daina cin shinkafa da wake mai ƙwai da kifi, na koma koko da ƙosai safe da dare.

Sai ƙaramar Sallar 2023 na samu zuwa gida, bayan shekara huɗu. Hanyar Burkina ta lalace da 'yan bindiga, don haka muka bi ta Aflao, Lome, Kwatano, muka ƙetare kogi daga Malanville zuwa Gaya. Kwana uku muna hanya kafin na ga Madawa.

Gidan da na gina da kuɗin albasa, na siminti da rufin kwano, a hoton WhatsApp kawai na san shi. Sai da wani yaro ya nuna mini ƙofa. Ɗan farina, da na bari yana wasan ƙasa, ya zo ya durƙusa nesa da ni ya gaishe ni kamar yadda ake gaida malamin allo, ya tashi ya fita. Wannan ban ji zafinsa sosai ba, ko da ina gida ma alkunya ce tsakaninmu. Ƙaramar ce ta karya ni. Da cikinta na tafi, suna ma ta waya na raɗa mata. Na miƙa mata hannu da alewa, ta ruga ta ƙanƙame ƙafar ƙanena tana cewa, "Baba, baƙon Ankara zai kama ni." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Da dare na ce a ba ni makullin rumbu in duba abin da ya rage na gero. Inna ta ce, "Kai dai hutawa ka zo yi, ƙanenka ya san komai." Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Shi ya kai ta asibiti da ciwon ƙafarta ya tashi, shi ya tsaya a kabarin Baba ranar da nake ƙirgar buhuna, don kafin labari ya iso ni an riga an dawo daga maƙabarta.

Ana saura kwana biyu in juyo, maiɗakina ta zauna bakin gado ta ce, "Malam, ko ka tafi da mu, ko ka dawo." Shekara goma sha biyar da aurenmu, ban taɓa jin ta yi magana a miƙe haka ba. Na yi mata lissafi. Mu huɗu ne a ɗaki guda a unguwar Nima ta Ankara, masu gidan haya kuma kuɗin shekara biyu suke nema a dunƙule. Abokaina da suka kawo iyali, 'ya'yansu sun tashi da Turanci da Tuwi da Hausar zango, wadda mace ma "shi" ake ce mata, ka yi musu zancen gida su ce wane gida. In kuma na dawo, gonar gado mu biyar muka raba ta, geron da take bayarwa ba ya kai mu damina. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji," ta tashi ta hau ninke mini kaya.

Kafin in baro na zuba duk abin da nake da shi, har da bashi, a cikin albasar da aka adana mini a Galmi, da niyyar a loda ta idan farashi ya tashi. An loda ta a ƙarshen Yuli. Ranar 26 ga watan sojoji suka kifar da Bazoum, aka rufe iyakar Benin motarmu tana Gaya. Abin da ya sami buhunan nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.