Ranar da na hana wanzami cire wa 'yata beli

An haife ni a 1988 a cikin birnin Kano, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Har yau ban taɓa jin mahaifina ya ambaci sunana ba. In yana nemana sai ya ce da ƙannena, "Ku kira min yayanku." Alkunya ce, a cikinta muka tashi, ba ta kuma taɓa sa na yi shakkar ƙaunar da yake min ba.

Mu tsarana kuwa sunan da aka laƙaba mana shi ne "yaran yanzu". Wai ba mu da juriya, ba mu da ta ido, waya ta ɗauke mana hankali, mun ƙi aure da wuri. Zancen waya akwai ƙamshin gaskiya, don muna ƙaramar sakandare salula ta shigo Najeriya a 2001, tare muka girma da ita. Amma jinkirin aure ba son ranmu ba ne. Ina ajin ƙarshe a jami'a malamai suka shiga yajin aikin 2013, tun Yuli har Disamba muna zaune a gida. Daga nan bautar ƙasa, neman aiki, tarin kuɗin lefe da na haya. Sai da na kai talatin da biyu na yi aure, a zatona kuma daga ranar na zama babba a idon kowa.

Haihuwar 'yata ce ta nuna min da saura.

Tun a asibiti ma'aikaciyar jinya ta ja min kunne kan abu biyu: nono zalla har wata shida ba ruwa, kuma kada a bari a cire mata beli, saboda jarirai na iya zubar da jini ko ƙwayoyin cuta su shiga wurin. Da safiyar suna sai ga wanzamin gidanmu da zabirarsa, dattijon da shi ya yi min kaciya. Hajiya, mahaifiyata, ta ce a miƙa masa yarinya ya yi aski, ya haɗa da belin. Na ce aski kawai.

A nan na yi kuskuren da har yanzu yake min ciwo. Gaban ƙannenta da maƙwabta na zaro waya na ce, "Hajiya, duba abin da likitoci suka ce." Ko kallon wayar ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ku takwas na haifa, duk an cire muku, wa ya mutu? Ku yaran yanzu komai sai likita." Ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci naman suna ba.

Maganata daidai ce, har gobe ina kanta. Amma na faɗe ta a inda bai kamata ba, na sa uwa ta ji kamar an ce rainon da ta yi mana shirme ne.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta kira ni bayan la'asar. Shugabar makarantar firamare ce. Ta ce, "Zauna, ɗana, ka san yadda aka yi na shiga boko?" A 1976, lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, tana 'yar shekara shida, Baba yana ɗalibi a makarantar horon malamai. Kakanmu ya ce 'yarsa ba za ta yi boko ba, dattawan unguwa kuma suka ce 'yan zamani sun zo su lalata tarbiyya. Baba bai yi musu da mahaifinsa ba ko sau ɗaya. Limamin unguwa ya samu, ya yi ta sintiri wurinsa har limamin ya sa baki, bisa sharaɗin ba za ta fasa makarantar allo ba. Ashe mutumin da nake gani tamkar tushen al'ada shi ma an taɓa kiran sa ɗan zamani.

Da daddare na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Hajiya. Ban ɗauko zancen likita ba. Na ce, "Hajiya, ki yafe min, na yi rashin ladabi. Tsoro ne ya kama ni, ita kaɗai gare ni." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Ya raya ta. Amma wankan jego ba za a fasa ba." Na ce ba za a fasa ba. Wanzami kuma na bi shi har gida da cikakken ladansa da kasonsa na nama, don kada ya ji an wulaƙanta sana'ar da ya gada.

Batun ruwa ya fi wuya, domin zafin Afrilu a Kano ba wasa ba ne, kuma tausayi ne ke sa kaka ta so ɗiga wa jariri ruwa. Wannan karon Gwaggo na roƙa ta yi maganar, matata kuma ta riƙa shayarwa a gaban Hajiya don ta ga yarinyar na ƙoshi. Muka cika wata shidan lafiya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, albashina ke ɗaukar kuɗin makarantar yarinya da maganin hawan jinin Hajiya a lokaci guda. Yawancin abokaina haka suke, suna tsakiya, sama na jira ƙasa na jira. Duk da haka kwanaki na ji bakina na shirin ce wa autanmu "ku yaran yanzu" don na ga ya raba dare yana danna waya. Na haɗiye maganar, na tambaye shi me yake yi. Ɗinkin huluna yake tallatawa, da shi yake biyan kuɗin rajistarsa.

Ni dai ina kiran 'yata da sunanta, ina saɓa ta a kafaɗa har bakin titi, Baba bai taɓa ce min don me ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai masa ita, ya ɗora ta a cinya yana tsokanar ta da "amaryata", sannan ya ɗago ya ce min, ba tare da ya kama sunana ba, "Kai, an kammala mata allurar rigakafin nan kuwa?"